Dattawa da wayar zamani: tambayoyin da ake yawan yi kan tsara musu wurin taimako

Shekara uku ke nan muna shimfiɗa tabarma a wani zaure cikin birnin Kano duk Asabar da Lahadi, muna zama da dattawan unguwa a kan wayoyinsu. Tun daga lokacin, ƙungiyoyin unguwanni, 'yan fansho da 'ya'yan da ke nesa da iyayensu suke ta aiko mana da tambaya, kuma kusan iri ɗaya ce kullum. Ga su mun tara, mun sa musu lamba don a riƙa komawa daga wata zuwa wata.

1. Me ake nufi da shigar da dattawa harkar fasahar zamani?

Abin da ake nufi shi ne dattijo ya iya biyan buƙatarsa ta yau da kullum da waya, da hannunsa, ba tare da ya tona wa kowa asirinsa ba: ya duba ko fanshonsa ya shigo, ya saurari saƙon muryar 'yarsa da ke aure a Legas, ya sa kati, ya gane kiran ɗan damfara ya kashe. Mallakar waya kaɗai ba ta kai ga nan. Gidaje da yawa akwai babbar waya da ɗa ya aiko daga Abuja tana kwance ƙarƙashin filo, ba a taɓa ta sai jika ya dawo daga makaranta.

2. Me ya sa batun ya matsa yanzu, alhali da can suna zamansu lafiya?

Domin ƙofofin da suka saba bi an yi ta rufe su ɗaya bayan ɗaya. A 2014 aka fito da lambar BVN ta tantance masu asusun banki, daga baya asusun da ba shi da ita ya daina motsi. A watan Disamba na 2020 gwamnati ta ce kowane layin waya sai an haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wato NIN, ta hukumar NIMC, aka yi ta ɗaga wa'adi, daga ƙarshe aka toshe layuka masu yawa. Hukumar PTAD mai kula da 'yan fanshon tarayya na tsohon tsari ta kawo tantancewar da ta sa wa suna “I Am Alive”, inda mutum zai shiga intanet lokaci-lokaci ya nuna fuskarsa ko ya dangwala yatsa don a tabbatar yana raye.

Wanda ya fi kowanne gigita mutane shi ne sauya fasalin kuɗi. Babban Bankin Najeriya ya sanar a watan Oktoba na 2022 cewa zai canza takardun naira 200, 500 da 1,000, kuma kafin Fabrairun 2023 tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwa. Duk wanda ya zauna a Arewa a watannin nan ya ga tsofaffi a ƙofar banki tun bayan Asuba, wasu da kujerar roba, wasu a zaune a ƙasa. Mai kayan miya ya koma cewa “a tura”, tsohuwar da ba ta san yadda ake turawa ba ta koma gida da kwanonta. Kotun Ƙoli ta dawo da tsofaffin kuɗi a watan Maris, amma ɗabi'ar kasuwa ba ta koma yadda take ba. A cikin wannan wahalar aka haifi zaurenmu.

3. Ba ga 'ya'ya da jikoki ba? Mene ne amfanin buɗe wani wuri daban?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi mana, kuma masu yin ta suna da gaskiyarsu, don mafi yawan dattawa a gida suke samun taimako. Sai dai ku lura da yadda taimakon yake. Baba ya miƙa waya ya ce, “Zo ka duba mini.” Yaro ya karɓe, yatsunsa su yi rawa daƙiƙa biyar, ya miƙo ya ce, “An gama, Baba.” An biya buƙata, amma Baba bai ga komai ba, gobe ma sai ya jira yaron. Idan ya tambaya sau uku, sai ya ji ana cewa, “Ai na nuna maka jiya.” Mutumin da ya aurar da 'ya'ya goma ba zai jure wannan magana daga bakin ɗan shekara goma sha huɗu ba. Sai ya yi shiru, ya daina tambaya.

Akwai kuma ɓangaren da ba a son faɗa. Dattijo ba ya son gidan duka su san nawa ne a asusunsa. Mai mata fiye da ɗaya ya fi kowa sanin dalili. Mun kuma sha ganin asusun da ake ta sayen kati da data daga cikinsa, ɗari biyar yau, dubu gobe, mai shi bai sani ba, kuma ɓarawon yana cin tuwo a kwano ɗaya da shi. Wurin taimako na waje yana ba dattijo inda zai yi tambaya sau goma ba a ƙosa da shi ba, kuma ba a kai labarinsa gida ba. Yadda ake kare wannan sirri yana tambaya ta 9.

4. Mene ne a zahiri yake hana dattijo sarrafa waya?

Kafin a ce “ba ya ganewa”, a fara duba ido. Daga shekara arba'in da 'yan kai ganin kusa yake fara raguwa, ga kuma yanar ido da ta yi yawa a tsakanin tsofaffi. Rabin waɗanda suka zo mana suna cewa kansu ba ya ɗauka, da muka ƙara girman rubutu muka ara musu tabaran karatu, sai ga shi suna karanto saƙo da kansu. Shi ya sa a teburinmu akwai tabarau guda huɗu masu ƙarfi daban-daban, kuma wanda muka ga matsalarsa ta wuce tabarau muna ba shi shawarar zuwa asibitin ido.

Sai yatsa. Wani Malam tsohon maƙeri ya zo mana yana faɗa, wai wayarsa ta raina shi. Na zauna gefensa na ce ya nuna mini. Yatsansa ya yi kanta, ga hunturu ya busar da fata, gilashin ba ya jin taɓawarsa. Idan ya ga ba ta amsa ba sai ya danna da ƙarfi ya riƙe, kamar yadda ya saba da waya mai madannai, ita kuwa sai ta ɗauka so yake ya matsar da hoton manhajar, komai ya hargitse. Muka ce ya shafa ɗan mai a hannu ya goge, ya kuma taɓa kamar mai gwada zafin dutsen guga. Ya yi dariya, ya gwada, ta buɗe. A cikin saitin wayoyin Android akwai inda ake tsawaita lokacin da waya za ta ɗauki taɓawa a matsayin dogon danni, muka gyara masa shi ma.

Bayan waɗannan akwai harshe, tunda yawancin saƙonnin banki da Turanci suke zuwa, a Nijar kuma da Faransanci. Akwai tsoron kada a danna wani wuri kuɗi su tafi. Akwai kuma kunya, wadda ta fi sauran wuyar magani.

5. Da me ya kamata a fara koyarwa?

Da abin da ya kawo shi. Kada a tsara manhaja irin ta makaranta, a ce makon farko tarihin kwamfuta, na biyu sassan waya. A tambaye shi, “Baba, me kake so ka iya yau?” Wani zai ce tafsirin malaminsa yake son ji, wata ta ce hoton jikarta da aka haifa take son gani, wani farashin masara a Dawanau. Abu ɗaya a zama ɗaya, ya yi shi da hannunsa sau uku kafin ya tashi.

Mu mun ga saƙon murya na WhatsApp ya fi komai saurin shiga, don ba ya buƙatar rubutu kuma ladansa nan take yake: ya danna, ya gaisa, bayan minti biyu ya ji muryar ɗansa. Harkar kuɗi muna barin ta sai hannu ya faɗa, kuma da duba abin da ya rage a asusu ake farawa kafin a je ga turawa.

6. A ina ya kamata a buɗe wurin, kuma da wane lokaci?

Inda dattawa suka riga suka saba zama: zauren mai unguwa, harabar masallaci, makarantar Islamiyya a lokacin da babu ɗalibai, ofishin ƙungiyar 'yan fansho. Ɗakin kwamfuta a bene na biyu, mai sanyin na'ura da mai gadi a ƙofa, ba zai ga tsoho ko ɗaya ba. Lokaci kuwa, da hantsi ko bayan La'asar, kuma a kauce wa ranar kasuwa da daren Juma'a zuwa saukowa daga masallaci. A ƙauye a yi lissafin damina.

Abin da ya fi wurin muhimmanci shi ne ya zama tabbatacce. Taron bita na kwana biyu a otal, a raba jaka da takardar shaida a watse, hoto kawai yake samarwa. Dattijo zai manta a cikin mako, manhaja za ta sauya fasali a cikin wata, sai ya rasa wa zai koma wa. Gara awa biyu duk mako shekara guda. Arewa ta san wannan tun zamanin Yaƙi da Jahilci, kuma Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano da aka kafa a 1980 zamanin Gwamna Abubakar Rimi a kan ajin da ke cikin unguwa ta ginu. Inda irin waɗannan azuzuwa suke da rai, a jingina da su.

7. Wa ya fi dacewa ya koyar?

Mai haƙuri ya fi gwani. Matashin da ya san komai amma hannunsa ke ƙaiƙayin karɓe waya ba zai yi ba. Dokarmu ta farko ga duk mai sa kai ita ce ya riƙe hannayensa a cinya, ya yi bayani da baki, ya nuna da yatsa daga nesa. Ta biyu, ya durƙusa ya gaisa yadda ya kamata kafin a taɓa waya, ya kira mutum Baba, Inna, Malam ko Hajiya. Kalmar “ai mai sauƙi ne” mun hana ta, don wanda ya kasa sai ya ji kamar an zage shi.

Mafi kyawun malamanmu dattawa ne da suka riga suka iya: wani tsohon hedimasta, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya. Idan sa'anka ya ce maka, “Ni ma bara haka nake,” maganar ta fi shiga, kuma shi yana iya tsokanarka da cewa gemu ba ya hana ilimi, abin da yaro ba zai faɗa ba. A Ingila ƙungiyar Age UK mai taimakon tsofaffi ta daɗe tana aiki da masu sa kai da ke zama da tsoho ɗaya-ɗaya, kuma dalilin bai bambanta da namu ba.

8. Wanda bai yi boko ba fa?

Yana iyawa. Da yawa daga cikinsu suna karanta ajami, kusan dukkansu kuma sun san lambobi saboda kuɗi. Muna yi wa kowa ɗan kati mai kauri, a rubuta matakai da irin rubutun da yake karantawa, da manyan baƙaƙe, a zana alamar da zai danna. A kan sa hoton mutum a kan lambarsa don a kira shi ta fuska. Wayoyin Tecno da itel da dama suna da Hausa a jerin harsunansu, sai dai a gwada tukuna, don wata fassarar takan fi Turancin rikitarwa, wasu kuma sun riga sun haddace siffar kalmomin Turanci ko da ba su san ma'anarsu ba.

9. Yaya za a yi da lambar sirri? Mai taimako zai iya saninta?

A'a, ko da dattijon ne ya ce ya yarda. Idan an zo wurin sa lambar sirri, mai taimako ya juya kansa gefe, a fili, yadda kowa zai gani. Dalili biyu ne. Na farko, ranar da kuɗi suka ɓata, wanda ya san lambar shi ne abin zargi, kuma zargi ɗaya ya isa ya rushe wurin. Na biyu, dattijon da ya saba ganin ana kau da kai zai ji banbaraƙwai ranar da wani ya ce ya faɗa masa lambar.

Matsalar mantuwa gaskiya ce, kuma cewa “kada ka rubuta” ba ya warware ta. Wata Hajiya ta nuna mana dabararta: ta rubuta lambar da haruffan ajami a bangon littafin addu'o'inta, a tsakiyar wasu lambobi da ba su da ma'ana, littafin kuma ba ya fita daga ɗakinta. Wannan ya fi a rubuta a bayan katin cirar kuɗi, ya kuma fi 1234 ko shekarar haihuwa. Haka nan wurin taimako kada ya tara BVN da NIN na mutane a littafi. Tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, amma ko babu doka, littafin da ya ɓata a zaure bala'i ne. Wanda ya manta lambarsa ta NIN ko BVN zai iya danna *346# don NIN ko *565*0# don BVN a layin da ya yi rajista da shi, ana cire ɗan kuɗi kaɗan.

10. Ta yaya za a kare su daga 'yan damfara ba tare da an firgita su ba?

Idan aka cika ba da labaran tsoro, sai tsoho ya mayar da waya ƙarƙashin filo. Mu ƙa'ida ɗaya muke nanatawa har ta zauna: duk wanda ya kira ya nemi lambar sirri, ko lambar da aka turo yanzu ta saƙo, ko lambobin jikin kati, kashe wayar, ko da ya ambaci sunanka da na mahaifinka. Banki ba ya neman waɗannan ta waya. Muna yin wasan kwaikwayo a zaure, ɗaya daga cikinmu ya kwaikwayi muryar ma'aikacin banki, “Ranka ya daɗe, za a rufe asusunka yau,” dattijo ya gwada kashewa. Da yawa sun fi jin nauyin kashe wa mutum waya yana magana fiye da komai, don a tarbiyyarsu rashin ɗa'a ne. Sai an ba su izini a bayyane.

A kuma koya musu abin yi bayan ta faru: a je banki ko a kira a rufe asusu nan take, kada a tsaya jin kunya. Saƙonnin talla ana rage su ta tura STOP zuwa 2442, ƙorafin da kamfanin waya ya ƙi saurara kuma ana kai shi hukumar NCC mai kula da kamfanonin sadarwa ta lamba 622.

11. Dole ne sai da babbar waya?

Ba dole ba ne. Ƙaramar waya mai madannai tana riƙe caji kwanaki, ba ta tsoron faɗuwa, yatsa kuma yana jin abin da ya danna. Da ita ana duba asusu da tura kuɗi ta lambobin banki masu farawa da tauraro. Tun 2023 kamfanonin waya suka daidaita gajerun lambobinsu, *310# don duba kuɗin kira, *311* don sa kati, wanda ya rage haddar da ake yi. Aibin wannan hanya shi ne gaggawa: kafin tsoho ya gama karanta zaɓi ya laluɓo lamba, ta katse, kuma ana cajin kowane shiga. Maganinsa katin da muka ambata a tambaya ta 8, ya san abin da zai danna tun kafin ya fara.

Gargaɗi ɗaya ga 'ya'ya masu sauya wa iyaye waya: kada a yar da tsohon layi. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi kamfani yakan sake sayar da shi, alhali saƙon banki can yake zuwa.

12. Na'ura ta ƙi karɓar yatsansa, ko sunansa ya bambanta a takardu. Wannan aikin wurin taimako ne?

Rabin aikin ke nan, ko an so ko ba a so. Zanen yatsa yana gogewa da tsufa da aikin hannu, manomi da mai wanki sun fi kowa shan wannan. Ga kuma saɓanin suna: Muhammadu a banki, Mohammed a NIN, Mamman a takardar fansho, ranar haihuwa kuma wadda wani ma'aikaci ya ƙiyasta. Ba mu da ikon gyara ko ɗaya. Abin da muke yi shi ne mu jera takardun a tabarma, mu gano inda saɓanin yake, mu faɗa wa mutum ofishin da zai je da abin da zai riƙa, idan ya cancanta a haɗa shi da ɗan rakiya. Mun taɓa raka wani dattijo wani ofishi sau huɗu, kullum a ce babu sabis, sai a zuwa na biyar aka ce ashe ba nan ne wurin ba. Tun daga ranar muke tura mutum ɗaya ya fara tambayowa kafin a ɗauko tsoho a hau a-daidaita-sahu.

13. Mata da ke cikin gida da marasa lafiya fa?

Zauren maza ba zai kai gare su ba. Mata su koyar da mata, a cikin gida ko a Islamiyyar matan aure, kuma a nemi yardar maigida tun farko don kada a mayar da abin rigima. Tsofaffin mata sun fi yawa cikin waɗanda layinsu da asusunsu suke da sunan wani, ɗa ko ƙane, don haka tambayar farko ita ce, “Inna, layin nan da sunan wa aka yi rajistarsa?” Wanda ba ya iya fita kuwa, mutum biyu suke zuwa masa, kuma dokar tambaya ta 9 tana nan ko a bakin gado.

14. Nawa ake kashewa, kuma ta yaya za a san ana cin nasara?

Kayan ba su da yawa: tabarma ko benci, wurin caji mai aiki da hasken rana, data, tabarau, kati da alƙalami, sai kuɗin mota ga masu sa kai. Wannan na ƙarshe kada a raina shi, rashinsa ne yake kashe yawancin irin waɗannan wurare a wata na uku. Masu neman tallafi za su iya tuntuɓar hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, NITDA, wadda ta sa wa kanta burin wayar da kan mafi yawan 'yan ƙasa kan fasahar zamani kafin 2030, da Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa da ke Abuja, da ƙaramar hukumarsu. Amma a fara da abin da unguwa za ta iya ɗauka ko tallafi bai zo ba.

Wajen auna nasara, yawan waɗanda suka halarta ba ya nuna komai. Bayan wata guda a ce wa mutum ya yi abin da ya koya ba tare da an taya shi ba, a rubuta ya iya ko bai iya ba. A kuma lura da wanda ya dawo da sabuwar tambaya da wanda ya kawo abokinsa.

15. Idan dattijo ya ce shi ba ya so, a ƙyale shi?

A ƙyale shi, bayan an tabbatar ba ido ko kunya ba ne suke magana da bakinsa, kamar yadda aka yi bayani a tambaya ta 4. Akwai wanda ciwon mantuwa ya kama, akwai wanda ya auna ya ga ba ya buƙata. Irin wannan abin da za a yi masa shi ne a tsara wanda zai wakilce shi da saninsa, mutum ɗaya da ya zaɓa da kansa, a bar saƙon shiga da fitar kuɗi yana zuwa wayar da ke hannunsa, wani na biyu kuma ya riƙa karanta masa duk wata. Idan yana hulɗa da mai POS, ya tsaya ga guda ɗaya sananne a unguwa, ya riƙa karɓar rasit.

Bankuna da hukumomi su ma akwai nasu a nan. Duk hidimar da aka mayar intanet a bar mata teburi da mutum a zaune, da kujerar da tsoho zai jira a kai, da lambar waya da ake ɗauka da Hausa. Wurin taimako ya riƙa rubuta irin matsalolin da suke maimaituwa, ba tare da sunan kowa ba, duk wata uku a kai wa manajan reshe da shugaban ƙungiyar 'yan fansho kwafi.